Kwanon Inna mai ɗigon jan farce

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.

Yau kashegarin sallah, yara duk sun yi barci da sabbin kayansu a jiki don sun ƙi yarda a cire musu, maigidan ya fita majalisa, wayata kuma ta samu caji a solar maƙwabta, shine nace bari dai in zauna in rubuta abin nan da yake cina tun jiya da safe ko na samu sauƙi a raina. Wallahi jiya kuka na yi a gaban murhu, sai na fake da hayaƙi.

Abinda ya jawo kuwa ba wani babban abu bane. Na gama kwashe tuwo nace wa babbar 'yata ta ɗauko min kwano a ɗaki in zuba wa kakarta, wato surukata, sai yarinyar nan ta tsallake duk kulolin da suke gabanta ta je can ƙarƙashin gado ta jawo wani tsohon kwanon samira mai murfi, fari da zanen fulawa shuɗiya duk bakinsa ya ɓantale, ta juya gindinsa tana kallo tace "Umma waye ya ɗiga wa kwanon nan jan farce har guda uku?" Na buɗe baki in ba ta amsa na kasa. Innata ce ta ɗiga da hannunta. Kwanon gidanmu ne na Yakasai.

Ga waɗanda basu sanni ba, ni haifaffiyar cikin birnin Kano ce, cikin badala, nan aka yanke min cibi nan na yi allo na yi boko, aure ne ya ɗauko ni ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Ringim yau shekara goma sha huɗu kenan. Kuma kar wani ya ɗauka ƙorafi nake, a'a wallahi, mutanen nan sun riƙe ni riƙon 'ya, shinkafar da nake ci a fadamar bayan gari aka noma ta, nono kuwa har gida ake kawo min da sassafe. Kanon ma ba wani nisa gare ta ba, in ka hau mota a tashar 'Yankaba ka bi ta Gezawa da Zakirai kafin ka gama gyangyaɗi ka iso. Shi yasa in nace ina kewar gida sai matan nan su ce "to ke da Kano take nan kusa, ki shirya ki je mana ki sha iska". Sai dai in yi musu murmushi kawai. In je in sauka a ina? Wane soro zan yi sallama in ji an ce "a'a, maraba da mutanen Jigawa", kamar yadda Baba yake tarbata?

Babanmu tela ne. A soron gidanmu yake ɗinki, kekensa Butterfly mai takawa da ƙafa, da yaran shago biyu wani lokacin uku, kuma ni dai in aka ce min sallah abu na farko da yake zuwa kunnena ba ganga bace ba algaita ba, ƙarar keken nan ce cikin dare. Tun azumi ya kai goma, lokacin da yara suke fara tashe ana ta bin gidaje su Nalako suna neman gwagware, Baba zai ce shi fa daga sha biyar ga wata ya rufe karɓar ɗinki, ko waye. Duk shekara sai ya faɗa, duk shekara kuma sai ya karya, saboda wata bazawara zata aiko da atamfar marayunta ranar ashirin da biyar tace sai jiya Allah Ya hore mata, ko wani ya dawo daga Kantin Kwari da yadi a hammata yana "Malam ka rufa min asiri", shi kuma bai iya cewa a'a ba sai dai ya ɗauki tef ya ce a kawo yaran ya gwada su. Idan an ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai, a hura gawayi a dutsen guga, mu kuma muna ta tsintar ƙyallaye a ƙasa muna yi wa 'yar tsana kaya.

To kun san 'ya'yan tela su ne na ƙarshe. Namu kayan suna can ƙasan tari an yanka an ninke, kullum sai na leƙa in ga ko an taɓa, Baba ya ce "uwata yi haƙuri, na mutane amana ne, naki kuwa ko da asuba ne zaki saka". Uwata yake ce min don sunan mahaifiyarsa na ci. Wata sallah kuwa da gaske sai da asubar, ina jin kiran assalatu ya shigo ɗakin Inna idonsa jawur bai runtsa ba, ya ɗora min rigar a jiki ina kwance, da ɗumin dutsen guga a jikinta da ƙamshin gawayi da sabuwar atamfa, ga sanyi ana zubawa. Ni har yau ban taɓa saka wata sutura da ta kai min wannan daɗi ba, har kayan lefena.

Na ce sanyi ko? Eh, ni sallar yarintata ta hunturu ce. Yaran yanzu da suka tashi suka ga ana azumi cikin zafin bazara basa yarda in na faɗa musu, amma a 1998 da 1999 ƙaramar sallah a watan Janairu ta faɗo, a 2000 ma har sau biyu muka yi ta, ɗaya a farkon Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba, tunda watan Musulunci kullum yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Hazo ya rufe Dala ko ganinta ba a yi, leɓe duk ya tsage, Inna ta dumbuza mana basilin har fuska tana ƙyalli, lallen da aka ƙunsa mana da daddare kuwa sanyinsa har cikin ƙashi, a ɗaure ƙafa da leda da tsumma ka kwana kana rawar ɗari amma ko kusa ba zaka yarda a kwance ba don so kake ya kama ya yi jawur ya fi na kowa.

Daren ganin wata kuma wani abu ne daban. Baba ya kafa rediyo a kan keke ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, lokacin marigayi Maccido ne, kowa ya yi tsit, can sai ka ji tashin bindiga daga gidan Sarki, tunda mu ba mu da nisa da fada, kafin ka ce me unguwa ta ɗauka, yara suna ihu a lunguna "an ga wata, gobe sallah". A daren Baba yake auna zakkar fidda kai, gero, yana kiran sunan kowa ɗaya bayan ɗaya har jaririn goye, a ƙulla a ba yayyena maza su kai inda ya ce tun kafin gari ya waye.

Amma abinda ya sa na ɗauki waya yau shine tuwon Inna.

Inna bata barci daren sallah. Tun jajibere ta aike mu kasuwar Rimi mun kwaso kabewa da alayyahu da yakuwa da tattasai da attaruhu, an kai niƙa, an gyara gyaɗar miya, an figi kaji. Ƙarfe uku na dare zaka ji ta tana hura wuta, tukunya lamba talatin a kan murhu, tuwon shinkafa da miyar taushe, gefe ɗaya ƙanwar Baba tana suyar waina a tanda. Kafin maza su dawo daga idi an gama an jera kwanuka a tsakar gida tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗakin Baba, samira da langa da fanteka, kowanne da murfinsa. Ashirin da bakwai. Na san adadin don ni nake ƙirgawa, ita kuwa Inna bata taɓa rubutawa ba, ko karatun boko bata yi ba, amma a kanta take riƙe da kowane gida da yawan bakin da ke cikinsa da wanda baya cin yaji da wanda haƙoransa suka zube sai an zaɓa masa nama mai laushi. Ta tsaya da mara a hannu tana cewa wannan na gidan liman, wannan na mai unguwa, wannan babban na Gwaggo a Soron Ɗinki, wannan na Kawu a Fagge a ba Yaya ya ɗaura a keke kar ya zubar min da miya.

Akwai na wata Bayarabiya 'yar Ayagi mai sayar da kwanuka da bashi, wadda tun kakanninta a Kano suke Hausarta ta fi tawa. Akwai na wani abokin Baba ɗan ƙabilar Ibo a Sabon Gari wanda a wajensa yake sayen allura da kayan gyaran keke, Kirista ne, kuma duk Kirsimeti sai ya aiko mana da ɗanyar shinkafa da zakara mai rai yace mu yanka da kanmu. Kwanonsa baya taɓa fashi.

Mu ne 'yan kai tuwo, ni da ƙannena mata biyu. Ka ɗora gammo ka ɗora kwano, sabon takalmi yana cin dunduniya, ka kutsa lungunan nan na cikin gari da mutum biyu basa iya jerawa, kana tsallake kwata kana kaucewa wasu yaran su ma da nasu kwanukan a ka, kowa yana leƙen kayan kowa. Ka yi sallama ka durƙusa ka ce "Inna tace a gaishe ku da sallah, ga wannan ba yawa", a ce "kai madalla, Allah Ya yi albarka, ki ce muna godiya", a juye a ɗauraye a zuba miki nasu, a damƙa miki goron sallah. Ka dawo gida ka sauke ka ɗauki wani. Kafin azahar tsakar gidanmu ta sake cika da tuwon gidaje ashirin da wani abu, na dawa, na masara, funkaso, alkubus, shinkafa da miyar kaji, kuma wallahi Inna in ta buɗe murfi ta lakata a harshe sai ta faɗa miki gidan da ya fito ko bata ga wanda ya kawo ba, har ta ce "wannan ba uwargidan bace ta yi, hannun amarya ne". Daga nan almajiran makarantar allon bakin layi su zo da robobinsu, ranar dai babu mai cewa ko ɗan ƙanzo.

To a irin wannan hada-hadar dole kwanuka su cakuɗe, tunda kusan duk iri ɗaya ne a wajen mutum ɗaya aka saya. Shi yasa kowane gida da shaidarsa, wasu su ɗaura zare a hannun murfi, wasu su karce da ƙusa, Inna kuma ɗigo uku na jan farce a gindi, duk jajibere sai ta zauna a kan tabarma ta kifa su ta sabunta wanda ya goge.

Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layinmu mai sayar da daddawa, ba ɗa ba jika, ɗaki ɗaya take a wani kangon gida. Kwanonta Inna take fara zubawa kafin na liman ma, kuma ni take ba in kai. Tsohuwar nan bata da tuwon da zata mayar amma bata taɓa barina na fito da kwano haka nan ba, sai ta lalubo ƙullin daddawa ɗaya ko goro ɓari guda ko dabino uku ta saka a ciki ta rufe, tace "kai wa uwarki, ba a mayar da kwanon sallah da yunwa". Ina yarinya ina ganin abin kamar wasa, sai na ga Inna ta karɓa da hannu biyu.

Sai hawa. Kai jama'a, wanda bai ga hawan sallah a zamanin Sarki Ado Bayero ba ban san yadda zan kwatanta masa ba. Tun 1963 yake kan gadon, Baba yana cewa shi yana ɗan yaro aka naɗa shi, ya yi aure ya haife mu muka girma duk Sarki ɗaya muka sani. Ranar idi ya tako a ƙasa cikin fararen kaya zuwa filin idi na Ƙofar Mata, bayan an idar ya hau doki, a biya ta Gidan Shettima wajen gwamna a wuce fada, mu muna rabin kai tuwo sai mu ji bindiga ta tashi, sai mu ajiye kwano a soron wani gida mu ruga bakin titi, ko da laimar kawai ka hango tana juyawa a saman mutane ka ji daɗi.

Kashegari kamar yau kenan, hawan Daushe, shine namu. Bayan la'asar Sarki zai fita ya zaga cikin gari ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiya ya dawo Ƙofar Kudu a yi jafi. Tun azahar muke tafiya gidan Gwaggo don a saman soronta ake hango hanya, mu da 'ya'yanta da 'ya'yan maƙwabta mun fi mu talatin, tana ta faɗa kar a rushe mata azara amma ita ma tana nan tsakiyarmu da mayafinta. Hakimai su yi ta wucewa kowa da tawagarsa da kalar kayansa da makaɗansa, dawakai sun sha ado har ba ka ganin jikinsu, 'yan lifidi, 'yan sulke, 'yan kwalkwali da gashin jimina a ka, 'yan tauri suna ta wasa da wuƙa muna rufe ido muna leƙe ta tsakanin yatsu, dogarai cikin ja da kore, ƙura ta haɗu da hazo ta haɗu da hayaƙin bindiga har ɗaci kake ji a maƙogwaro. In ka ji kakaki to Sarki ya iso. Mata su ɗauki guɗa, maza su ɗaga hannu a dunƙule, shi kuma ya ɗan ɗaga nasa a hankali fuskarsa a rufe da amawali, kuma kowa a wajen nan sai ya rantse shi aka kalla. Autanmu ya taɓa kwana uku yana ba da labarin Sarki ya ɗaga masa hannu, babu wanda ya ƙaryata shi.

Rana ta uku hawan Nassarawa, Sarki ya je gidan gwamnati ya ratso Sabon Gari da Fagge, mu kuma ranar muke fasa goron sallarmu. Mai naira biyar-biyar, mai goma, wanda ya yi sa'a aka ba shi Murtala sabuwa dal wato naira ashirin kenan, shine attajirin gida. Yaya ya tattara mu a bas sai gidan zoo, layi tun daga titi, a ga zaki a ga giwa a sha askirim a sayi tabarau na roba, a biya wajen mai hoto a tsaya ƙiƙam an jeru da tsawo. Babbar sallah kuwa nata daban ne, ƙaurin babbaka ya cika unguwa, a rataye rago ya kwana, kashegari a yi ta suya a babban kasko muna zagaye muna jiran a miƙo mana ɗan hanji, nan ma kwanukan nan dai su ne suke fita da ƙafa ko kafaɗar rago a ciki.

Ban san ranar da zan ce abin ya fara warwarewa ba, a hankali ya yi ta zamewa. Ina amarya a nan garin aka kai wa Kano harin bama-bamai ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, na kwana ina kiran wayar Baba bata shiga, ina zagaye tsakar gida surukata tana bina tana "ki yi ta addu'a 'yar nan". Bayan nan Kano ta koma shingaye da dokar hana fita, a 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Ranar 6 ga Yuni 2014 Sarki Ado ya rasu, Inna tace min tunda take bata taɓa ganin Baba ya rufe keke da rana tsaka ya shiga ɗaki ya yi kuka ba sai ranar. Watanni kaɗan bayan nan, 28 ga Nuwamba, bam ya tashi a babban masallacin Juma'a na cikin gari, Baba yana cikin sahun waje, Allah Ya yi da sauran kwanansa ya dawo gida ba takalmi ba hula, amma a cikin waɗanda yake zama da su a soro akwai waɗanda basu dawo ba. Daga ranar bai ƙara zama mai yawan magana ba. Bai fi shekara biyu ba shi ma ya tafi, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

Inna ta ci gaba da tuwonta, sai dai kwanukan suna ta raguwa. Wannan ya rasu, wancan 'ya'yansa sun ɗauke shi sun koma Rijiyar Zaki, wasu Ɗorayi wasu Sheka wasu Hotoro, tsohuwa mai daddawa tuni ƙasa ta rufe mata ido, mutumin Sabon Gari ya tattara ya koma garinsu. Sallar ƙarshe da na yi tare da ita na ƙirga kamar yadda na saba, bakwai. Amma tukunyar bata canza ba, lamba talatin ɗin dai ta ɗora, nace Inna wa zai cinye wannan, tace "hannuna bai iya kaɗan ba". Bayan shekarar korona da aka yi sallah ba hawa kowa a kulle, ita ma Allah Ya karɓi abarsa.

Gidan kuma ƙarami ne, magada mu tara, malamai suka zo suka duba suka ce baya rabuwa sai dai a sayar a raba kuɗi. Ban ga laifin kowa ba, haƙƙi ne, kuma akwai marayun ɗan uwanmu a ciki da suke buƙata. Kayan ɗakinta mu mata muka raba, na samu kwano uku, biyu sun ɓule tuni, sauran wannan ɗaya da na ɓoye a ƙarƙashin gado. Bara da na je asibiti a Kano na ce wa mai adaidaita ya biya da ni ta layinmu, na tarar wanda ya saya ya rushe soron ya fitar da shagon cajin waya an shafe da siminti an sa ƙofar ƙarfe. Daidai inda keken Baba yake nan aka ajiye jannareto. Wani yaro a shagon ya ce "Hajiya wa kike nema?" nace ba kowa, na koma na hau muka tafi.

Yanzu Yaya yana Abuja, ɗaya tana aure a Kaduna, auta yana Kurna, sauran kowa da inda abinci ya kai shi. Muna da guruf a WhatsApp, jiya tun asuba hotuna suke shigowa kowa da iyalinsa cikin anko, ana ta turo sitika mai ɗauke da barka da sallah, Yaya ya turo wa yarana goron sallah ta akawun, Allah Ya saka masa da alheri. Ina jin daɗi wallahi, amma ni dai a wajena wannan gaisuwa ce ba ziyara bace, yarana basu san ƙamshin ɗakin gwaggonsu ba, basu taɓa durƙusawa a gaban kawunsu ya dafa musu kai ba, a gilashin waya kawai suka san su. Kuma ga shi hawan ma da zan ce in kai su su gani, 'yan shekarun nan rigimar sarauta ta sa ana ta dakatar da shi, a daidai lokacin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake ji da su a Disambar 2024. Ni ba ruwana da ɓangare, roƙona kawai manya su dubi Allah su daidaita, akwai yaran da suke tasowa a cikin badala yanzu da basu san ƙarar kakaki a kunnensu ba. Na kai nawa hawan Ringim sau biyu, ya yi kyau sosai sun yi ta murna, ni ce dai na tsaya a cikin taro ina ta neman saman soron Gwaggo da ido.

Sallar nan garin kuwa shiru gare ta. A fita bayan gari a yi idi a fili gindin bishiyoyi, a biya ƙofar dagaci a gaisa, kafin rana ta take kowa ya koma gida, in babbar sallah ce ta faɗo da damina ma wasu kashegari suna gona. Suna kai tuwo su ma, amma da yake duk dangi ne gida ɗaya ne ya yaɗu, ta kan katanga ma miƙawa ake. Nawa kwanukan bana shida ne, na ƙirga.

Jiya dai da na share fuskata na ce wa yarinyar ta kawo kwanon, na ɗauraye shi na zuba tuwo malmala uku na zaɓi nama mai laushi don surukata haƙoranta sun yi rauni, na naɗa mata gammo na ɗora mata a ka, nace ki riƙe da kyau na kakarki ne ta Kano, in kin je ki durƙusa ki ce Umma tace a gaishe ki da sallah ga wannan ba yawa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana tafiya tana ɗingisa sabon takalmi har ta sha kwana.

Bata jima ba ta dawo da kwanon a rufe. Na buɗe na tarar da curin fura biyu da ɗan ƙullin daddawa a leda, tace wai Iya tace a faɗa min kwanon mai kyau ne irin na da, kar in bari yara su yi wasa da shi.

Ɗigon ɗaya ya kusa gogewa, saura ɗan ja kaɗan a gefe. Ina da jan farce a ɗaki, ɗazu har na ɗauko na kifa kwanon a cinyata na buɗe kwalbar, sai kuma na ga in na ɗiga nawa zai rufe nata. Na mayar da murfin na ajiye. Gobe in Allah Ya kai mu zan kira Yaya in tambaye shi ko keken Baba yana nan wajen wanda aka ba ajiya.